Mutum ɗari aka tambaya

A daren 5 ga watan Disamba 1956, a tashar talabijin ta NBC a Amurka, an yi wa wani mutum mai suna Herb Stempel tambaya mai sauƙi: wane fim ne ya ci kyautar Oscar ta 1955? Stempel ya san amsa sarai. Marty ne, fim ɗin da shi kansa yake matuƙar so. Amma sai ya tsaya cikin ɗan akurkin gilashin da ake rufe ƴan gasa, yana share gumi, ya faɗi sunan wani fim daban. Masu shirin ne suka umarce shi da haka. Sun gaji da fuskarsa, sun kuma samu wanda ya fi shi kyan gani da iya zance, wato Charles Van Doren, matashin malami a jami'ar Columbia, ɗan gidan marubuta. A daren nan Stempel ya sauka, Van Doren ya hau.

Sunan shirin Twenty-One. Van Doren ya ci gaba da lashewa mako bayan mako har ya tara dala 129,000 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta CFA biyar ba), mujallar Time ta buga hotonsa a bangonta a 1957. Iyaye suna nuna wa yara shi suna cewa ga amfanin karatu nan. Ashe tun kafin a kunna kamara ana ba shi tambayoyin da amsoshinsu, har ana koya masa inda zai yi shiru da inda zai ɗaure fuska kamar mai laluben abu a ƙwaƙwalwa. Stempel ya yi ta faɗa cewa shirin na bogi ne, aka ce hassada ce ke cinsa. Sai a 1958, da aka gano littafin amsoshi a hannun wata ƴar gasa a wani shirin mai suna Dotto, sannan zance ya fasu. A watan Nuwamba 1959 Van Doren ya zauna gaban kwamitin majalisar dokoki ya amsa laifinsa. A 1960 majalisar ta yi doka, maguɗi a gasar tele ya zama laifin da ake hukuntawa.

Me ya kai su ga haka? A lokacin kamfani guda ne ke sayen shiri sukutum ya liƙa masa sunansa. Revlon mai kayan kwalliya ne ke riƙe da The $64,000 Question tun 1955, maganin ƙarin jini na Geritol kuma ke riƙe da Twenty-One. Abin da ya dame su shi ne yawan masu kallo. Shi kuwa ilimi na gaskiya ba ya da tabbas a gaban kamara: masani yana iya faɗuwa a tambayar farko, ko ya zama mutum mai sanyin jiki da ba wanda ke son kallo. To sai aka gyara wa gaskiya zama.

Na faro daga nan ne saboda mutumin da nake son mu yi zancensa, Richard Dawson, ba a gane matsayinsa sai an san ramin da abin kunyar nan ya bari. Manyan gasannin ilimi masu manyan kuɗi suka ɓace daga tele na tsawon shekaru. Waɗanda suka tsira su ne irin na Mark Goodson da Bill Todman, masu ƙaramar kyauta da yawan raha. A shirinsu What's My Line?, wanda ya fara a 1950, iyakar abin da mutum zai ci dala 50 ce, wa zai ɓata sunansa a kan wannan? Merv Griffin shi ma ya fito da tasa dabara a 1964 da Jeopardy!, inda ake ba ɗan gasa amsa a fili, shi kuma ya kawo tambayar. Amma su Goodson hanyarsu daban ce, kuma a ganina ta fi zurfi. Sun daina tambayar abin da ke cikin littafi, suka koma tambayar abin da ke cikin kan mutane. A Password (1961) kalma ɗaya tak za ka ba abokinka don ya gano wata kalmar. A Match Game (1962) ba a neman amsar da ta yi daidai, ana neman amsarka ta zo ɗaya da ta wani. Irin wannan wasa ba ya buƙatar maguɗi, don ba kowa ke da amsar a aljihu ba balle ya sayar.

Yawancinmu nan da wancan tsohon salon muka saba. Wanda ya taɓa zama gaban TV5 da yamma ya san Questions pour un champion, da Julien Lepers yana zuba tambaya kamar ana korar sa. Shirin ya fara a Faransa a 1988, Lepers ya riƙe shi har 2016. Gasar génie en herbe ta lise ma haka take: amsa ɗaya ce, tana wurin mushe, ko ka sani ko ba ka sani ba. Egzame ne da aka sa wa kiɗa. Ban raina shi ba, ni ma ina son sa. Amma akwai wani nau'in sani da ba ya aunawa ko kaɗan, kuma shi ne Dawson ya yi sarauta a kai.

Ba ma Ba'amurke ba ne asalinsa. An haife shi a Gosport, kudancin Ingila, ranar 20 ga Nuwamba 1932, sunansa na yanka Colin Lionel Emm. Yana da shekara 14 ya gudu daga gida ya shiga aikin jirgin ruwan ƴan kasuwa. Da ya dawo sai ya kama wasan barkwanci a dandamali da sunan Dickie Dawson. A 1959 ya auri Diana Dors, tauraruwar fim da ta fi shi suna nesa ba kusa ba, har a wancan lokaci an fi saninsa da mijin Diana. Suka koma Amurka, auren ya mutu daga baya, shi ya zauna can.

Abin da ya fito da shi shi ne Hogan's Heroes, wasan ban dariya na mako-mako a CBS, daga 1965 zuwa 1971, kashi 168. Masu kallon tashoshin Faransa sun san shi da Papa Schultz. Labarin fursunonin yaƙi ne na ƙasashen ƙawance a wani sansanin Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu, suna yi wa masu tsaronsu wayo kullum, suna shiga da fita ta ramukan ƙarƙashin ƙasa kamar gidan ubansu. Dawson shi ne kofur Newkirk, Bature ɗan Ingila mai saurin hannu: yankan aljihu, buɗe makulli, ƙirƙirar takardun bogi, kwaikwayon muryar hafsoshin Jamus a tarho. Shekara 20 kacal bayan yaƙin ake wannan raha, kuma mutane da dama sun ga rashin dacewarta tun a lokacin. Abin da ke ɗaure kai shi ne waɗanda suka yi wasan. Werner Klemperer, wanda ya fito a matsayin kanal Klink, iyalinsa sun gudo ne daga Jamus ta Hitler. John Banner, wato Schultz, Bayahude ne ɗan Ostiriya. Robert Clary, ɗan Faransan nan LeBeau, shi da kansa ya yi zaman sansanin Buchenwald ya fito da rai, danginsa da yawa ba su fito ba. Su suka zaɓi su mayar da abin dariya, kuma ba ni da bakin da zan ce musu sun yi kuskure, ko da yake har yanzu in na kalla wani wurin dariyar takan maƙale mini.

Akwai abin da ya shafe mu ƴan ilimin harshe a nan. Newkirk da karin harshen Cockney yake magana, na talakawan gabashin Landan, alhali Dawson ba can ya tashi ba. Shi ya ba da labari cewa da karin Liverpool ya fara, aka ce masa Amurkawa ba za su gane ba, ya sauya. Wato ba Ingilishin gaskiya ake nema ba, ana neman wanda Ba'amurke zai ji ya ce ga ɗan Ingila. Da Jamusawa suka zo fassara wasan a harshensu, karin Cockney ba ya da ma'ana a Jamusanci, sai suka mayar da Newkirk mai i'ina. Klink suka ba shi karin Saxe, Schultz na Bavière, don su ne kare-karen da Bajamushe ke yi wa dariya. Ku tuna yadda masu wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa ke sa wa mutumin ƙauye ko baƙo wani irin karin magana don a yi dariya tun bai gama jimla ba. Aikin ɗaya ne, kuma a ko'ina akwai wanda ake dariyar a kansa.

Da wasan ya ƙare ya ɗan yi Laugh-In, sannan a 1973 CBS ta farfaɗo da Match Game, Gene Rayburn na jagora, aka zaunar da Dawson cikin taurari shida. Ga yadda ake yi: Rayburn zai karanta jimla da gurbi a ciki, taurari su rubuta kalmar da suka cike da ita a ɓoye, ɗan gasa ya faɗi tasa, a ƙirga nawa suka zo ɗaya. Jimlolin kuwa da gangan ake rubuta su da baki biyu, yadda kalmar da ta fara faɗo wa kowa a rai ita ce wadda ba a faɗa a tele. Rabin daɗin shirin kallon manya ne suna kewaye-kewaye. A zagayen ƙarshe ɗan gasa yakan zaɓi tauraro ɗaya su gwada ko za su zo ɗaya, kuma kusan kullum Dawson ake zaɓa, don shi ne ya fi iya hasashen abin da talaka zai ce. Abin ya yi yawa har a 1978 masu shirin suka kawo wata ƙafar juyawa don ta riƙa zaɓen tauraro. Juyin farko, a kan Dawson ta tsaya. A shekarar ya bar shirin, lokacin ma nasa ya riga ya kafu.

Nasan shi ne Family Feud, wanda ya fara a ABC ranar 12 ga Yuli 1976. Daga wani ɗan yanki na Match Game aka ciro shi, inda ake tambayar masu kallo a zaure a jera amsoshin da suka fi yawa. Gidaje biyu, kowanne mutum biyar. An riga an tambayi mutum ɗari tambaya guda, misali a faɗi abin da mutum ke yi da zarar ya tashi daga barci, an jera amsoshinsu a allo a rufe, kowacce da yawan waɗanda suka faɗe ta. Aikin gida shi ne ya buɗe su. Kuskure uku, sai ɗaya gidan ya samu damar ƙwace maki da amsa ɗaya. A zagayen ƙarshe mutum biyu daga gidan da ya ci za su amsa tambayoyi biyar, na farko cikin daƙiƙa 15, na biyu cikin 20, in sun haɗa maki 200 su tafi da dala 5,000. Cikin shekara guda shirin ya wuce Match Game a yawan masu kallo, aka ƙara na dare a 1977, Dawson ya ci kyautar Emmy a 1978.

Ku dubi abin da kyau, ƴan uwa. A wannan allo amsa tana iya zama ƙarya tsagwaronta ta ci maki 40, in dai mutum 40 sun faɗe ta. Tana iya zama gaskiya mai kyau, allo ya yi mata ƙarar kuskure. Farfesa yana iya shan kashi a hannun kakarsa, kuma yakan sha, don shi yana neman amsa mai burgewa ita kuwa tana faɗin abin da maƙwabta za su faɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a fagen bincike. Tun 1910 Grace Kent da Aaron Rosanoff suka karanta wa mutum 1000 kalmomi 100, kowa ya faɗi kalmar da ta fara zo masa, suka tarar amsoshin ba barkatai suke ba: ka ce tebur, kujera ce ke kan gaba. A shekarun 1970 kuma, daidai lokacin da Dawson ke tsaye gaban allonsa, Eleanor Rosch tana nuna cewa a cikin kan mutane wani tsuntsun ya fi wani zama tsuntsu. Ba'amurke ya ji kalmar, ɗan ƙaramin tsuntsun lambu ne ke zo masa, ba kaza ko jimina ba, ko da yake duk ƙamus ya ce tsuntsaye ne. Abin da muke karantawa a amfi da sunaye masu nauyi, Goodson ya mayar da shi wasan rana na matan gida, kuma bai rage masa komai ba.

Sai dai tambayar da shirin bai taɓa yi ba ita ce: su wane ne mutum ɗarin? A nan ne nake ganin abin ya taɓa mu kai tsaye. A ce yau a yi shi da Hausa, a tambayi mutum ɗari inda ake kai marar lafiya. In a Kano aka yi tambayar, asibiti ne zai hau saman allo, ɗan Maradi da ya ce likita sai a buga masa ƙararrawar kuskure. A tambayi inda yaro ke zuwa da safe da jaka a baya, can su ce makaranta, mu mu ce lakkwal. Ɗan Tahoua ya ce biyat, ya ce hwari, allo ya ce bai san zancen ba. Kuma ba wasa ba ne kawai: daidaitacciyar Hausar da muke rubutu da ita, har wannan da kuke karantawa, kan karin Kano aka gina ta. An tambayi wasu ɗari, ba a tambayi wasu ba. Gasar mushe aƙalla tana nuna maka littafin da ta dogara da shi, ka je ka yi gardama da shi. Allon jama'a kuwa yana ce maka haka kowa ke cewa, kai kuma ka tsaya kana jin kamar kai ne baƙo a harshenka. Ka-cici-ka-cici namu ma amsarsa ba ta littafi ba ce, ta gado ce, sai wanda ya tashi cikinta. Amma can in ka kasa, gari kawai za ka bayar a faɗa maka, gobe kai ma ka ɗaure wani da ita.

Mu koma kan Dawson. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne sumba. Kusan duk macen da ta zo gasa sai ya sumbace ta, yana cewa don sa'a ne da kwantar da hankali, haka uwarsa ke yi masa. Tashar ta so ya daina, ya ce masu kallo su aiko da ra'ayinsu, masu cewa ya ci gaba suka yi rinjaye mai yawa. A wurinmu wannan ba ya ma buƙatar muhawara, kuma Amurkawan yau da kansu in sun kalli tsofaffin kaset ɗin sukan yamutsa fuska. Macen da ke tsaye gaban kamara, danginta na gefe, kuɗi na gaba, wane zaɓi gare ta in ba ta so? Masu kewarsa sukan tsallake wannan tambaya da sauri. Ɗaya daga cikin ƴan gasar, Gretchen Johnson, wadda ta zo da danginta a 1981, ita ce ta zama matarsa a 1991. Da ya dawo shirin a 1994 bai sake sumbatar kowa ba, ya ce alkawari ya yi wa ƙaramar ɗiyarsa.

Shirin nasa na farko ya tsaya a watan Yuni 1985. Bayan shekara biyu ya yi abin da nake ganin ya fi komai nuna basirarsa, kuma ta nan ne da yawa cikin yayyenmu suka ga fuskarsa a gidajen bideyo ba tare da sun san ko wane ne ba. A fim ɗin The Running Man na 1987, wanda Schwarzenegger (Kwamando dai) ya fito a ciki, Dawson ne mugun, Damon Killian, mai gabatar da wasan tele inda ake farautar fursunoni har lahira jama'a na tafi. Murmushin nan dai, riƙe hannun tsofaffin mata nan dai, amma da an kashe kamara sai ka ga mutum marar imani. Ya ɗauki abin da Amurka ta so shi dominsa ya nuna mata yadda ake sarrafa shi. Wanda ya kalli fim ɗin a Zinder ya ga mugu kawai, Ba'amurke kuwa ya ga mutumin da ya yi shekara tara yana shigowa falonsa.

Dawowar 1994 shekara ɗaya ta yi, daga nan ya koma gida. Ya rasu ranar 2 ga Yuni 2012, da ciwon daji na maƙoshi, yana da shekara 79. Shirin bai mutu ba. Faransa ta yi nata, Une famille en or, a TF1 tun 1990. Steve Harvey ke riƙe da na Amurka tun 2010, kuma a 2020 ya zo ya gabatar da na Afirka ta Kudu da na Ghana. Na yanzu ya fi ƙara, ya fi kuɗi, kuma ana jin yadda ake rubuta tambayoyin da niyyar a samu amsar batsa da za a yanka a watsa a intanet.

Masu kewar Dawson, in ka bi abin da suke yawan kallo a YouTube, ba manyan nasarori ba ne. Wuraren da wasa ya lalace ne. Ya iya tsayawa ya saurari mutum, ya bar shiru ya yi aikinsa, kuma in amsa ta zo a karkace ba ya wulaƙanta mai ita. Wanda ya fi shahara shi ne na zagayen ƙarshe, agogo na tafiya, ya tambayi wata mata: a wane wata ne cikin mace ke fara fitowa? Ita kuwa ko ɗar ba ta yi ba ta ce Satumba. Dawson ya yi ƙoƙarin ci gaba, ya kasa. Da ƴar gasa ta biyu ta zo, ya iso kan tambayar nan, dariya ta sake kayar da shi. Matar ba wauta ta yi ba, kalmar ce mai baki biyu, a Ingilishi kamar a Hausa: wata na ciki, wata na shekara. Tsoro da gaggawa suka tura ta ga ma'anar da ta fi kusa. Kuma da a Maradi ta yi wannan amsa, inda Satumba watan tara muke ce masa, da sai a ce ta dai makara da lissafi, don a watan tara kam ba mai sauran shakka.